Ranar da Kaka Ya Jera Mu a Hanyar Rurum

Maƙwabcina a nan birni ya sayo zabi ya zuba a bayan gidansa. Kowa a layinmu yana ƙorafin kukansu, ban da ni. Ni da sun fara wannan ihun nasu na safe, sai in ji nauyin kwando a kaina, in ji ƙasar hanya tana gasa mini tafin ƙafa, in ga kaina ina 'yar yarinya na kama hanyar Rurum ni kaɗai a gaba, mutanen gidanmu suna biye da ni daga nesa. Bari in ba ka labarin yadda aka yi aka ɗora mini zabin nan, don ba kasuwa aka aike ni ba. Neman sulhu aka tura ni.

Gidanmu yana wani ɗan ƙauye a gefen Unguwar Gai, cikin ƙasar Kibiya. Manoma ne mu tun kaka da kakanni, dawa da gero da gyaɗa, kuma Kirista ne mu tun daga kan kakana. Muna da 'yar majami'armu ta jar ƙasa mai rufin kwano, wadda in ana ruwa ba ka jin wa'azi sai dai ka ga bakin mai yi yana motsi. Kakan nan nawa, wanda dukanmu muke kira Kaka, gajere ne kakkaura, mai son gardama kamar ya ci ta da tuwo. Ni kuwa amaryarsa ce a wasan jika da kaka, kullum yana cewa zai sake ni saboda ban iya dama fura ba.

Kaka yana da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, a Rurum Tsohon Gari. Malami ne mai tsangaya da ɗalibai manya da ƙanana. Ban taɓa ganinsa ba, babana ma bai taɓa ba. A gidanmu ba a kiran sunansa, sai dai a ce "mutumin can". Baƙi sukan ɗauka addini ne ya raba su, tunda ɗaya ya musulunta ɗaya ya bi majami'a. Ko kusa. Rumbu ne ya raba su.

Ubansu mai bin al'adar gargajiya ne, kuma a gidansu akwai babban rumbun gandu wanda ba mai buɗe shi sai maigida, in maigida ya mutu sai babban ɗansa. Tsohon ya rasu a shekarar yunwa, wan yana can gabas wajen karatu. Kaka ya jira, ya jira, har ruwa ya sauka, ba iri ba abinci, uwarsu da yaran gida sun fara ramewa. Sai ya hau ya ɗaga murfin rumbun da hannunsa. Da wan ya dawo ya tarar an riga shi, ya tsaya a gaban masu zaman makoki ya rantse cewa duk ranar da ya sake ɗora ido a kan ƙaninsa sai ya lakaɗa masa sanda. Ya naɗe buzunsa ya fita. Shi ke nan, har dukansu suka yi furfura.

To, a majami'armu ana nazarin Littafi Mai Tsarki kowace Laraba da yamma, bayan an dawo daga gona. Mai Bishara ne yake ja, wani siririn mutum mai tabarau da aka turo mana daga wajen Rano. Ya karanci halin mutanenmu sarai: in suka ji ƙarshen labari, ba za su dawo ba. Don haka sai ya karanta 'yan ayoyi, ya yi bayani, in ya kai daidai wurin da kowa ya miƙo wuya, sai ya rufe Littafin ya cire tabarau ya ce sai mako mai zuwa. An sha roƙonsa, ko gezau. Wannan dabarar ba ta taɓa damun Kaka ba, don shi barci yake zuwa yi. Yana da bangonsa da yake jingina, har wurin ya yi santsi.

A damunar nan aka shiga labarin wasu tagwaye maza, inda ƙaramin ya karɓe matsayin babban da kwanon abinci, ya kuma yi wa ubansu makaho dabara ya karɓi albarkar da aka tanadar wa wansa. Babban ya yi alwashin kashe shi, ƙaramin ya gudu wata ƙasa. Ina zaune a gaba wajen yara sai na ji minsharin Kaka ya ɗauke. Na waiwaya na ga idonsa biyu tar, ya kafe Mai Bishara da kallo.

Aka tashi muka kama hanyar gida. Muna shiga ya tsare Iya, matarsa, kakata mace, ya ce ita ce ta kwashe sirrin gidansu ta kai wa baƙo, shi kuma Mai Bishara ya sake masa kama ya karanta a gaban jama'a. Iya kuwa ba a taɓa ta a kwana lafiya. Bakinta ya fi aska kaifi, har masu awo a kasuwar Kibiya in sun hango ta sukan cika mudu tun ba ta iso ba. Ta ce masa labarin da aka rubuta tun kafin a haifi kakan kakansa ne za a ce ita ta kai? Ta ce in ya ji an taɓo shi, to mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Daga ranar Kaka ya bar bangonsa ya dawo bencin gaba, ya ture mu yara. Ya zama ɗan gardamar aji. Kullum yana bayan ƙaramin. Ya ce wa ya aiki babban ya tafi yawon daji ya bar gida? Ya ce yunwa ba ta san wa da ƙane ba. Mai Bishara ya yi ta murna, yana cewa Ruhu ya taɓa dattijo. Mu da muke gida ɗaya da shi mun san abin da ya taɓa shi. Ya rage cin tuwo. Da yamma sai ya zauna a gindin tsohon rumbun nan yana kallon yamma, wajen da Rurum take, in na kawo masa ruwa ko tsokanata ba ya yi. Wannan shirun nasa ya ba ni tsoro fiye da duk faɗan da na taɓa ji ya yi.

Aka yi ta tafiya mako bayan mako har dawa ta nuna, aka zo inda ƙaramin ya tsufa ya yi arziki, ya kamo hanyar gida, aka ce masa ga wanka can tafe da ɗaruruwan mutane. Tsoro ya kama shi. Ya ware dabbobi kashi-kashi ya tura gaba a matsayin kyauta, da tazara tsakanin kowane kashi, don zuciyar wan ta yi ta sanyi kaɗan-kaɗan. Sannan ya jera iyalinsa, waɗanda ya fi ƙauna ya sa su can baya. Shi kuma ya yi ta faɗuwa ƙasa yana gaisuwa har sau bakwai, yana matsawa kusa da wansa. Majami'a ta yi tsit. Kaka ya buɗe baki. Mai Bishara ya rufe Littafi ya cire tabarau.

"Malam, ya doke shi ko bai doke shi ba?" in ji Kaka.

"Baba, sai Laraba in Allah ya kai mu."

Laraba ta zo, Mai Bishara bai zo ba. Ciwon ido ya tasar masa, aka tafi da shi asibiti a Kano, kuma ya tafi da Littafinsa a jaka. Wanda yake gidanmu da na sauran gidajen rabi ne, na ƙarshen, wato Sabon Alkawari, babu wannan labarin a ciki. A makon ne kuma wata Bafulatana mai kawo mana nono, wadda danginta suke wajen Rurum, ta ce a cikin hira ai malamin nan tsoho ya sha jinya da damina, har an fid da rai, yanzu ne ya fara fitowa zaure. Ba ta san abin da ta taka ba. Kaka ya ajiye ludayinsa ya tashi.

Ya bi tsofaffin majami'a gida-gida yana tambayar yadda labarin ya ƙare. Nan fa aka nuna masa ilimi. Wani dattijo ya ce yana tunawa sarai, babban ya ja ƙaramin gona ya kashe shi. Wata tsohuwa ta ce ƙarya ne, rijiya aka jefa shi, daga baya aka sayar da shi ga fatake. Wani ya ce ai ɗan maraƙi aka yanka aka yi biki, amma babban ya ƙi shiga gidan. Kowa ya ɗauko 'yan'uwan da ya tuna ya liƙa wa tagwayen nan. Kaka ya dawo gida a tsorace, don cikin ukun babu mai daɗi sosai.

Babana ya ce a jira Mai Bishara ya dawo mana. Kaka ya ce ciwon ido yana jira, amma tsufa ba ya jira. Ya ce in mutumin can ya mutu bai yafe masa ba, da wane ido zai kalli uwarsu a lahira? Wannan ne karo na farko da na ji muryarsa ta karye. Ya ce zai bi abin da aka karanta daki-daki har inda aka tsaya, sauran kuma Allah ya ƙarasa.

Matsalar ita ce mutumin cikin Littafi yana da raƙuma da shanu, Kaka kuwa zabi gare shi, da agwagi, da akuya guda mai ciki wadda yake ji da ita kamar 'yar cikinsa. Haka ya kasa su. Zabi kashin farko, aka ɗaure musu ƙafa aka zuba a kwando aka ɗora mini. Agwagi da akuya aka ba yayana. Aka koya mana abin da za mu faɗa: daga ƙaninka ne, yana nan tafe a baya. Sai aka zo jera mutane, kuma kowa a gidan ya san ƙa'idar, wanda aka fi so shi ne a baya. Kaka ya ce Iya ce za ta wuce gaba, sai shi, sai babana a ƙarshe yana jan jaki, don in abin ya ɓaci a sami abin gudu.

Iya ta riƙe haɓa. Ta ce yau ta san matsayinta a gidan nan, ashe jaki ya fi ta. Kaka ya rantse ba haka ba ne, ya ce ya sa ta gaba ne don bakinta kaɗai ya ishi ɗaruruwan mutane. Ta yi ta masifa har muka fita, amma na lura ta ɗauro sabon zaninta. Ni ma na tambaye shi, to ni da nake gaban kowa fa? Ya ce ai dama ya daɗe yana neman hanyar rabuwa da ni.

Mun fita da sassafe. Lokacin girbi ne, ko'ina ka duba an kwantar da karan dawa, iska tana ɗauke da ƙanshin zangarniya da ƙaiƙayi. Zabin nan tun daga ƙofar gida suka fara kuka ba su fasa ba, suna yi mini kashi ta ramukan kwando. Duk wanda muka wuce a gona sai ya miƙe ya bi mu da kallo: yarinya da zabi, can baya yaro da akuyar da take turjewa, can baya tsohuwa tana magana ita kaɗai, can baya tsoho ya gaji ya haye jakin da babana yake ja, yana addu'a. Sai da rana ta take muka hango duwatsun Rurum. Kaka ya sauka daga jaki ya tsayar da kowa a gindin wata ɗorawa, ya ce in wuce, yayana ya biyo ni da tazara.

Ban sha wahalar neman gidan ba, kowa ya san shi. Na yi sallama a ƙofar zaure, na ɗaga kai, sai na ga Kaka zaune a kan buzu da rawani. Kamar an tsaga kara, har ɗan karkacewar kunnen. Sai dai wannan ya fi tsawo, ya rame, ga wata doguwar sanda a jingine kusa da shi. Idona yana kan sandar na durƙusa na faɗi abin da aka koya mini.

Ya ƙare mini kallo. Sannan ya ce, "Ke 'yar waye?" Na faɗa masa. Ya ce, "Da ƙafarsa yake tafe, ko ɗauko shi aka yi?" Na ce da ƙafarsa. Ya sa aka ba ni ruwa, ya kira wani babban ɗalibinsa ya ce a je gona a kira kowa da kowa, yanzu-yanzu. Ya miƙa hannu ya jawo sandar.

Ban tsaya shan ruwan ba. Na zuba da gudu, na wuce yayana da akuyarsa a hanya, na isa gindin ɗorawa ina haki, na ce ya tara mutane, kuma ya ɗauki sanda. Kafin in rufe baki sai ga su. Ɗalibai majiya ƙarfi sun fito daga gona kai tsaye, kowa da magirbi ko lauje a kafaɗa, tsohon yana tsakiyarsu yana dogara sanda. Daga baya ne muka gane tarar baƙo suka fito, don malaminsu ya ce ba za a ce ƙaninsa ya shigo gari ba wanda ya tarye shi ba. Amma a lokacin abin da muka gani shi ne abin da aka karanta mana, ba ragi.

"Wuce gaba," Kaka ya ce wa Iya. "Yau ranarki ce."

Iya ta gyara ɗaurin zani ta taka gaba kamar za ta kama kokawa. Ta buɗe baki. Sai idonta ya faɗa kan tsohon nan. A duk lissafin Kaka ya manta abu ɗaya: wan miji suruki ne. Ƙanin miji ake wasa da shi, a zage shi ya rama, amma wan miji ko haɗa ido ba a yi da shi. Matar da ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba ta ja mayafi ta rufe fuska, ta raɓe gefen hanya ta durƙusa, tana gaisuwa da wata siririyar murya da ban taɓa sanin tana da ita ba. Kaka ya waiwaya neman jaki, jaki ya shige gonar mutane yana cin karmami, babana yana fama da shi.

Ba abin da ya rage sai faɗuwa. Kaka ya zube ya kai goshi ƙasa, ya tashi da ƙyar, ya matsa, ya sake zubewa. A na uku gwiwoyinsa suka ƙi. Ya yi yunƙuri, ya yi nishi, ya kasa tashi, ya tsaya a nan a kife, hularsa ta gangara gefe. Tsohon ya ƙaraso a hankali har sandarsa ta tsaya daidai kunnen Kaka.

"Auta, tashi. Ba a yi wa mutum sujada."

"Yaya, ba sujada nake ba yanzu. Na kasa tashi ne." Sannan ya ce, fuskarsa tana ƙasa, "Ga ni. Ka cika rantsuwarka, amma ka yafe mini rumbun."

"Rantsuwa? Na yi kaffararta tun ba a haifi uban yarinyar nan ba. Jiranka nake ka zo. Ni ne babba, ni zan bi ka?"

"Ni kuma sandar nake tsoro."

Tsohon ya ɗaga sandar ya ɗan ƙwanƙwasa masa a kafaɗa, ya ce wannan ta jiran da ya sa shi ce. Sannan ya yar da ita ya sunkuya zai ɗaga shi. Mutumin da bai daɗe da tashi daga jinya ba ina zai iya da Kaka? Sai ya bi shi ƙasa. Suka zauna dirshan a tsakiyar hanya, rawani ya warware, kowa ya riƙe rigar ɗan'uwansa, hawaye yana bin gemunsu. Ɗaliban suka juya baya don kunya. Da na matso, Kaka ya ce mini ƙaiƙayin dawa ne ya shiga masa ido, wansa ya ce shi ma haka. Ni dai kuka na yi sosai, ban ɗora wa dawa ba.

A zaure ne tsohon ya faɗa masa cewa tun bai fita daga gonakin ƙauyenmu ba a waccan ranar ya san da ba a buɗe rumbun ba da uwarsu ba ta kai girbi ba. Amma ya riga ya yi magana a gaban mutane, ƙuruciya kuma ta hana shi juyowa. Mun kwana biyu a gidan. Zabin da na sha wahalarsu mu muka cinye su a miya, agwagi ma haka. Akuya kuwa tsohon ya shafa cikinta ya yaba, ya sa aka ɗaure ta a turkensa. Na ga Kaka ya bi ta da kallo ya haɗiye miyau.

Da Mai Bishara ya dawo da auduga a ido ɗaya, majami'a ta cika har waje, don labarinmu ya riga shi isowa. Ya buɗe inda ya tsaya. Ashe babban da gudu ya zo ya rungume ƙaninsa suka yi kuka, da aka nuna masa dabbobin kuma da farko cewa ya yi yana da abin da ya ishe shi, ƙanin ya riƙe kayansa. Kaka ya miƙe tsaye a bencin gaba.

"Malam, da ka ƙara aya biyu a ranar nan, da na san abin da zan tuna wa Yaya. Shi ko tayin mayarwa bai yi ba."

Mai Bishara ya ce ai a ƙarshe na cikin Littafin ma ya karɓa. Kaka ya ce duk da haka, an dai yi kara.

Shekarun da suka rage musu ba su da yawa, amma sun ci su tare. Da salla a aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika da shinkafa da kaji masu rai don su yanka da hannunsu. Duk haihuwar da akuyar nan ta yi sai an aiko wa Kaka da ɗa guda, shi kuma ya karɓa yana cewa bashi ake biya. Kaka ne ya riga tafiya. Wansa ya zo a bayan babur, ɗalibi yana riƙe da shi, ya tsaya a gefen maƙabarta har aka gama, ya ce wa babana a hankali, yaron nan kullum sai ya riga ni.

Yanzu babu ko ɗaya a cikinsu, har Iya. Hanyar da ta cinye mana rabin yini, mai babur zai kai ka kafin shayinka ya huce. Littafin da muka rasa a ƙauye guda yana cikin wayar kowane yaro, daga farko har ƙarshe, ba mai rufe maka shi ya ce sai Laraba. Amma jikokin malamin nan da 'ya'yana in suka haɗu a kasuwar Rano ba za su san juna ba. Ba faɗa aka yi ba, ba wanda ya rantse, kowa dai yana cewa sai an sami lokaci. Abin yana damuna ƙwarai, don na ga yadda tsofaffi biyu suka yi asarar rabin rayuwarsu kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara tahowa. Kaka ya tafi Rurum ne a ranar nan bai san ko duka zai sha ba. Mu da muka san yadda labarin yake ƙarewa, har yau ba wanda ya kama hanya a cikinmu.